BAYAN AMBALIYA: RUWA YA TAFI, CUTA TA ZO

Jawabinmu na yau na mutanen bakin kogi ne, musamman na Auyo da Haɗeja da Kafin Hausa da Miga da Kaugama da Guri. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba.

Bari mu fara da labarin wata ƙasa mai nisa. A daren 14 ga Maris, 2019, wata babbar guguwa da aka sa wa suna Idai ta taso daga teku, ta faɗa wa birnin Beira na ƙasar Mozambik. Ta zo da iska da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Koguna suka cika suka batse. Mutum fiye da 1,000 suka rasu a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. Ƙasashen duniya suka aiko da jirage da abinci da likitoci, amma hanyoyi sun yanke, gadoji sun karye, sai da aka kwana da yawa kafin taimako ya kai wasu ƙauyuka. Kafin mako biyu ya cika, sai ga amai da gudawa, watau kwalara. Dubbai suka kamu. Da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka kawo maganin rigakafi na sha wajen 900,000, aka kuma gyara ruwan sha, sa'an nan cutar ta lafa.

To, mu nan Allah bai sa mu a bakin teku ba, irin wannan guguwa ba ta iso mu. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Namu teku shi ne Kogin Haɗeja. Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suke haɗuwa su zama shi. A bisansu akwai madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Calawa, wadda aka gama a 1992. In damina ta yi ƙarfi, madatsu suka cika, tilas ruwa ya gangaro. Ƙasarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Don haka ruwa yakan haura jinga ya shiga gona da gida. Kun gani da idonku a 2018, da 2020, da 2022. A 2022 ɗin nan mutum fiye da 600 suka rasu a Nijeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu.

Abin da muke so ku riƙe shi ne wannan. Ambaliya kashi biyu ce. Kashin farko shi ne ruwan da kowa yake gani. Kashi na biyu shi ne cutar da take biyo baya a ɓoye. Taimakon NEMA da SEMA da Red Cross yana zuwa, amma yakan ɗauki kwanaki a hanya. Kwanakin farko a hannunku suke. Ga abu biyar.

Na ɗaya, ruwan sha. In ambaliya ta shiga gari takan kwashe abin da ke cikin salga ta zuba a rijiya. Ruwan yana iya zama garau a ido, alhali kuwa cike yake da ƙwayoyin cuta. Kada a sha sai an tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur. In ma'aikatan lafiya sun raba ƙwayar tsabtace ruwa, a sa yadda suka nuna, a jira rabin sa'a. A rufe randa, a rataye moɗa guda ta ɗiba, kada kowa ya tsoma hannu.

Na biyu, bayan gida. In kun yi hijira zuwa makaranta ko kan tudu, ranar farko maza su haƙa rami, nesa da rijiya kamar taku arba'in, kuma ta gangare. Kashin yaro ma a kai shi rami. A wanke hannu da sabulu, in babu a yi da toka, bayan an fito da kuma kafin cin abinci.

Na uku, gudawa. Kwalara takan tsotse ruwan jikin mutum cikin sa'o'i kaɗan. A 2021 ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Da zarar gudawa ta fara, a dama ruwan gishiri da sukari na ƙunshi. In babu, a sami tafasasshen ruwa lita ɗaya, watau cikin ledar ruwa biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin cokali. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, ko yana amai. Uwa kada ta daina ba da nono. Kuma kada a tsaya jiran gari ya waye, a ɗauke shi zuwa ɗakin shan magani, ana tafe ana ba shi.

Na huɗu, sauro. Kowane kududdufi gidan haihuwarsa ne. In za ku gudu, gidan sauro ya fi tabarma muhimmanci, ku ɗauke shi. Yaro ko mai ciki in jiki ya yi zafi, a kawo a gwada jini a ranar. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata da damina, kada hijira ta sa a tsallake shi.

Na biyar, maciji. Shi ma ruwa ya kore shi, tudun da kuka hau shi yake nema. Wanda ya sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana ƙafar motsi, a kai shi asibiti.

Saura maganar kayan taimako. In masu rubuta sunaye sun zo, mai unguwa da dagaci su faɗi gaskiya, kada a ƙara, kada a rage. A fara da mai ciki da mai goyo da tsoho da maraya. Gidan sauron da aka ba ka na kwana ne, ba na kamun kifi ko shingen lambu ba. In an kawo rigakafi, ku fito da iyali duka.

Daga ƙarshe, in hukuma ta yi shela cewa ruwa yana tafe, kada maigida ya ce sai ya gani a ƙofa. Katangar ƙasa in ta sha ruwa da dare take faɗuwa, a kan masu barci. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Gona in ta nutse, ana noman rani a mai da hasara. Ɗa in ya tafi, babu mai mayar da shi.

Allah ya tsare mu, ya ba mu damina mai albarka. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.