Haɗarin Mota a Yola da Jimeta: Gyara Yana Hannunmu

(Jawabin da aka gabatar wa 'yan ƙungiya a taronsu na Jimeta)



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya tamu da suka ga ya dace a keɓe lokaci a yi magana a kan haɗarin mota. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Abin da nake so mu tashi da shi daga wurin nan shi ne, haɗarin mota a garin nan ya sake kama, ba irin wanda muka sani da ba ne, kuma babban rabo na abin da ke haddasa shi yana wucewa ne ta hannun mu Hausawa mazauna Yola da Jimeta, domin mu ne a tasha, mu ne a kasuwa, mu ne a kan sitiyari.

Yadda gari ya sake

Kakanninmu da suka zo ƙasar Adamawa daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, fatauci ne ya kawo su. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ita kuwa Jimeta ta bunƙasa ne a bakin Binuwai, inda jiragen ruwa kan tsaya da damina su sauke haja su ɗauki gyaɗa da fatu. Da zamani ya juya, kogi ya ja baya, titi ya karɓi aikin. A 1976 Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola, a 1991 kuma ta zama ta Jihar Adamawa. Ma'aikata suka ƙaru, makarantu suka ƙaru. Sannan a 2014, da Boko Haram suka mamaye Madagali da Michika da Mubi, dubban bayin Allah suka kwararo nan neman mafaka, kuma da yawansu sun zauna ke nan.

To, ku dubi zaman garin. Motar da ta taso daga Gombe ta biyo ta Numan da Ngurore, in Mubi za ta, sai ta zo ta haye gadar Binuwai kafin ta kama hanyar Girei da Song da Gombi. Wadda ta ɗauko shanu daga Mubi za ta kudu, ita ma ta nan za ta biyo. Wato tirela da tanka da tifa suna cin titi ɗaya da ɗan keke, da mai tura baro, da yarinya mai talla, da almajiri. Ƙarfe mai nauyin tan talatin da jikin ɗan Adam a wuri guda, kowa ya san wanda zai ji jiki.

Manya a cikinku za su tuna zamanin acaɓa, lokacin da karaya da fashewar kai suka zama ruwan dare. Matsalar tsaro ta sa aka hana acaɓa a Maiduguri a 2011, aka hana a Kano a 2013, mu ma nan aka hana a zamanin Gwamna Murtala Nyako. Keke Napep ya maye gurbinsa. Ko shakka babu keke ya fi babur rufin asiri, amma ba shi da ƙofa, ba shi da bel, ƙafarsa uku, in ya sha kwana da gudu sai ya kife. Babur in ya faɗi, mutum biyu ne a ƙasa. Keke in mota ta ture shi, uwa da 'ya'yanta ne gaba ɗaya.

Daga 2019, gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta gina gadojin sama a Jimeta, ta faɗaɗa tituna, cunkoso ya ragu, kuma mun gode. Sai dai akwai abin lura. Da can rami ne ke taka wa direba birki. Yau titi ya yi sumul, babu mai taka masa birki sai hankalinsa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya kai shi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Nahiyarmu ta Afirka ita ce kan gaba wajen yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'a, alhali ba mu ne muka fi kowa motoci ba.

A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, ta ƙirga haɗari 10,617 a 2023, mutum 5,081 suka rasu. A 2024 haɗarin ya sauko zuwa 9,570, amma mamatan suka hau zuwa 5,421. Jama'a, ku sake saurarawa: haɗari ya ragu, gawa ta ƙaru. Ma'ana kowane haɗari ya ƙara muni. Abu biyu ne ke sa haɗari ɗaya ya ci rai da yawa: gudu da lodi.

Bari in ɗan tsaya a kan gudu, domin akwai lissafin da ya kamata kowane direba ya riƙe. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. In direba ya sunkuya ya duba waya na sakan 3, ya yi tafiyar fiye da mita 40 ido a rufe. Haka kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja bayan ka taka birki ba sau biyu zai ƙaru ba, sau huɗu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutumin da mota ta buge tana gudun 65, yiwuwar mutuwarsa ta ninka ta wanda aka buge a gudun 50 fiye da sau huɗu. Shi ya sa dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade 50 a cikin gari ga ƙananan motoci da bas, 45 ga tanka da tirela. Tsakanin Jimeta da cikin garin Yola 'yan kilomitoci ne. Wanda ya zuba 90 a wannan titi, minti nawa ya tsira da shi? Sauri dai ya haifi nawa.

Inda muke da hannu

Na farko, balas. Alhazaina masu kekuna da bas-bas, ku yi mini haƙuri, da ku zan fara. Ka sayi keke ka ba yaro, ka yanka masa balas ɗin da ba zai iya haɗawa ba sai ya yi daga asuba har dare. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, rabin abin da ya samu a gidan mai yake barinsa. To, ina zai cike giɓin? Sai ya ɗauki uku a baya ya ƙara biyu a gefensa, har ba ya iya juya hannu. Sai ya yi aron hannu don ya riga ɗan'uwansa fasinja. Sai ya tsaya cak a tsakiyar titi babu sigina saboda an ɗaga masa hannu. Ranar da ya kife mu ce yaran nan ba su da hankali, alhali rabin gudun nan daga gidan mai keke aka ɗauro masa shi.

Na biyu, ƙwaya. Wanda aka hana shi barci, abin hana barci zai nema. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, tiramol kuma ba a yarda a sayar da shi ba sai da takardar likita, amma duk wanda ke shiga tasha ya san ba a daina ba. Ƙwaya tana buɗe ido, ba ta farkar da ƙwaƙwalwa. Direba yana kallon titi, amma ƙafarsa ba za ta kai kan birki a kan lokaci ba.

Na uku, hawa saman kaya. 'Yan'uwanmu masu harkar shanu da hatsi a Mubi da Song da Ngurore sun san abin da nake nufi. A loda shanu a ƙasa, a shimfiɗa katako, mutum talatin ko arba'in su hau sama don kuɗin mota ya yi sauƙi. Tirela ba a yi ta don ɗaukar mutane ba. In ta faɗi, babu abin riƙewa, babu abin kariya, unguwa guda sai ta yi zaman makoki rana ɗaya. Araha ba ta ado, ballantana arahar da ake biya da rai.

Na huɗu, taya. Zafin Yola a watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi. Tayar gwanjo da ta tsufa, ga lodi, ga gudu, ga zafi, fashewa za ta yi. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin a daina amfani da taya in ta wuce shekara 4 da yi, ko da zanenta bai cinye ba. Kafin ka biya, sunkuya ka karanta.

Na biyar, kasa kaya a bakin titi. Duk wanda ya bi ta wajen babbar kasuwar Jimeta ko tashar Jambutu ya ga yadda tebur da baro da tire suka cinye gefen hanya. Mai tafiya a ƙasa ba shi da inda zai sa ƙafa sai tsakiyar kwalta. Teburan nan, mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawansu namu ne.

Na shida, 'ya'yanmu. Yaro bai kai 18 ba, doka ba ta ba shi lasin ba, amma uba ya miƙa masa makulli yana alfahari. Ranar ɗaukar amarya ko ranar Sallah, sai a jera motoci ana tsere ana juyi a kan titi. Iyayenmu mata, ku ma akwai naku: yaro ɗan shekara 5 ba ya iya auna gudun mota, kada a aike shi ƙetaren titi shi kaɗai, balle da magariba ko lokacin hazo.

Sai kuma ɗibar mai. A watan Oktoba na 2024 tanka ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru da bokitai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka hallaka. A Janairun 2025 aka sake irinsa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Tankoki suna ratsa mu kullum. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. In tanka ta faɗi, gudu ake yi, ba a matsowa.

In haɗari ya auku

A kira lamba 122, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ce, kuma kyauta ce. Kada a fizgo wanda ya ji rauni ta hannu ko ta ƙafa, domin in wuyansa ko gadon bayansa ya taɓu, jan nan shi zai nakasa shi. A tallafe kai da wuya su daidaita da jiki, a ɗauke shi mutum uku ko huɗu. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Kada a ɗura masa ruwa. A kai shi asibiti kafin a yi maganar mai ɗori, don raunin ciki ba ya nunawa a waje. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Matasa kuma, a ajiye ɗaukar hoto, a ajiye dukan direba da ƙona mota. Wannan shi ke sa wani direban ya gudu ya bar mutum kwance.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Zan ji wani ya ce ai ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu mai wuce kwanansa. Amma wanda ya fito da birki ba ya ci, ya san abin da ya fito da shi. Hausawa suka ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Don haka ina ba da shawara huɗu. Ɗaya, masu kekuna da motocin haya da ke cikinmu su zauna da direbobinsu a tsayar da balas na adalci, da ranar hutu guda a mako, kuma kada a ba kowa makulli sai an ga lasin. Biyu, shugabanninmu na tasha da na kara su hana mutum hawa saman kaya tun daga wurin lodi, don a nan ne ake jin maganarsu, ba a kan hanya ba. Uku, 'yan kasuwarmu su ja teburansu baya da kansu, kada su jira a zo a kwashe. Huɗu, ƙungiya ta gayyaci jami'an kiyaye haɗurra su koya wa matasanmu taimakon farko, sannan ta rubuta wa hukuma a sa alamar tsallakawa da tudun rage gudu a ƙofar makarantu da islamiyyun da ke bakin manyan tituna. Shi kuma bel, wanda aka fara tilasta ɗaurawa tun 2003, kowa ya ɗaura ko babu jami'i a gaba. Mai babur da ke zirga-zirga a wajen gari ya sa hular kwano.

'Yan'uwa, mun zo ƙasar nan baƙi, masu masaukinmu suka karɓe mu hannu biyu, har muka zama 'yan gida. Motar da ta kauce ba ta tambayar Bafillace ne ko Bachama ko Bahaushe. In muka gyara tasharmu da kasuwarmu da gidajenmu, garin duka muka yi wa aiki, kuma shi ne tukwicin da ya dace da mu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu ta wannan hanya, ya ba majinyata lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya.