Makin lasisi ba kayan aro ba ne



Da yawa daga cikinmu, Hausawa mazauna Ingila, a kan titi muke neman abinci. Wani direban tasi ne, wani mai kai saƙonni ne, wata kuma da mota take zagaya gidajen tsofaffin da take kula da su. Ga irinmu lasisin tuƙi shi ne gona, shi ne fartanya. Saboda haka nake so mu tattauna kan wasiƙar nan da ke faɗowa ta ramin ƙofa, wadda ke cewa kyamara ta kama motarka tana gudu fiye da ƙa'ida, kuma ana son sanin wanda yake riƙe da sitiyari a lokacin. Magana ɗaya nake tafe da ita: duk wanda ya yi laifin, shi zai rubuta sunansa. Kada ka ɗora wa wani makinka, kada kuma ka karɓi na wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Mu fara da yadda lissafin yake. Mafi ƙarancin hukuncin gudu fiye da ƙa'ida shi ne tarar fam 100 da maki 3. Riƙe waya a hannu ana tuƙi, tun shekarar 2017, fam 200 ne da maki 6. Tuƙi ba inshora ma maki 6 ne aƙalla. Idan makin mutum ya kai 12 cikin shekara uku, kotun majistare kan hana shi tuƙi na wata shida ko fiye. Wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba kuwa, maki 6 kawai sun isa a soke lasisinsa, ya koma ya sake jarrabawa daga farko. Ita kuma wasiƙar, kwana 28 aka ba ka ka amsa. Wanda ya jefa ta cikin durowa ya yi shiru ya ƙara wa kansa wani laifin mai maki 6 da tarar da za ta iya kai fam 1,000. Kun ga shirun ya fi gudun tsada. Don haka duk wanda ya sauya gida ya gaggauta sanar da hukumar lasisi ta DVLA sabon adireshinsa, a lasisi da kuma takardar mota, domin wasiƙar da ta je tsohon gida ba ta tsayar da ƙirgen kwanaki.

To, a nan ne jarabar take zuwa. Mutum yana da maki 9, ga sabuwar wasiƙa a hannunsa, sai ya waiwayi matarsa da lasisinta fes, ko ƙaninsa ɗalibi, ya ce a sa sunansu. A idonsa ƙaramin taimako ne na cikin gida. A idon dokar ƙasar nan kuwa laifi ne na karkatar da shari'a, wanda ke kai mutum gidan yari. A 2003 kyamara ta kama motar Chris Huhne, matarsa ta lokacin, Vicky Pryce, ta karɓi makin. Daga baya ya zama ministan makamashi, auren ya mutu, asiri ya tonu, a 2013 aka ɗaure kowannensu wata takwas. A 2019 aka ɗaure Fiona Onasanya, 'yar majalisa mai wakiltar Peterborough, wata uku saboda ƙarya kan takardar gudu, kujerarta ma ta suɓuce. Idan minista da 'yar majalisa ba su tsira ba, ina ga baƙon da ke jiran takardar zama? Hukuncin ɗauri kan iya ɓata neman zama ɗan ƙasa, ya kuma raba direban tasi da lasisin sana'arsa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Na san wani zai ce, ina zumunci? Ɗan'uwanka na shirin rasa abincin iyalinsa, ka naɗe hannu? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma dokar kanta ta bar ƙofa a kanta. Wanda makinsa ya kai 12 yana da damar tsayawa gaban kotu ya nuna cewa hana shi tuƙi zai jefa wasu cikin matsanancin ƙunci, kamar mahaifiya marar lafiya da shi kaɗai ke kai ta asibiti. Kotu na iya rage hukuncin ko ta ɗage shi, sai dai ba a sake kawo hujja ɗaya cikin shekara uku. Wanda gudunsa bai yi yawa ba kuma, 'yan sanda kan ba shi zaɓin halartar darasin kiyaye gudu a maimakon maki, sau ɗaya cikin shekara uku. Zumuncin da ya dace da mu shi ne mu haɗa kuɗin lauya, mu raka ɗan'uwanmu kotu, mu riƙe gidansa idan hukunci ya faɗo. Wata shida na wucewa. Tabon shaidar zur kuwa daɗewa yake yi, kuma malamanmu da ke zaune a nan sun san matsayinsa a addini.

Wani kuma zai ce, wa zai sani? Kyamarori da dama na ɗaukar hoton gaban mota, waya na nuna inda mai ita yake, kuma sirrin da mutum biyu suka riƙe yana ƙarewa ranar da suka ɓata. Shekara takwas maganar Huhne ta yi a kwance kafin ta tashi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mu kuma tuna dalilin makin tun asali: gargaɗi ne ga direba kafin ya take ɗan wani a bakin makaranta. Wanda ya ɗauke wa ɗan'uwansa maki ya ɗauke masa gargaɗin, ya bar shi da ƙafarsa a kan totur.

Roƙona shi ne, kowa ya shiga shafin gwamnati a daren nan ya duba makinsa, kyauta ne. Wanda wasiƙa ta zo masa bai gane ta ba, ya kawo ta a karanta masa kafin kwana 28 su cika. Allah ya tsare mu a hanya, ya ciyar da mu halal.