Sunan Kwaɗo da Iyakar Mazauninsa



Kwaɗon da zan yi magana a kansa yau shi ne mafi girma a duk duniya, kuma masana suna kiransa Conraua goliath. Tsawon jikinsa, ban da ƙafafu, yakan kai santimita 32, nauyinsa kuwa yakan haura kilo 3, wato ya kai ƙosasshen zakara. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, wannan suna na kimiyya da taswirar inda dabbar take zaune su ne ma'aunin da ake gane ko za ta wanzu ko za ta ƙare. Wanda ya raina aikin rarrabe halittu ya raina hanyar hango hasara tun kafin ta auku.

Bari mu fara da sunan. Tsarin ba kowace dabba suna mai kalma biyu ya kafu ne a littafin Carl Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin, bugun shekarar 1758. Kalmar farko sunan gida ce, ta biyu sunan nau'i, kamar yadda Bahaushe yake haɗa sunan mutum da na gidansu don a san ko ɗan wane ne. A shekarar 1906 George Albert Boulenger, wanda yake aiki a gidan adana halittu na Landan, ya bayyana wannan kwaɗo daga samfurin da aka kai masa daga kudancin Kamaru. Ya raɗa masa Rana goliath, saboda girmansa ya tuna masa da Jaluta, ƙaton nan da Annabi Dawuda, alaihis salam, ya kashe. A wancan zamani Rana tamkar zaure ne da ake tara duk kwaɗon da ya yi kama da na Turai. Daga baya aka mayar da shi gidan Conraua, wanda Fritz Nieden ya kafa a 1908 da sunan wani Bajamushe, Gustav Conrau. A yau gidan yana da danginsa na kansa, Conrauidae, kuma duk 'yan dangin a Afirka suke: akwai a Habasha da Iritiriya, akwai a Saliyo da Gini, akwai a Gana da Togo, akwai kuma waɗanda suka shigo kudu maso gabashin Nijeriya.

To, a ina shi wannan ƙaton yake zaune? Duk faɗin duniya ba a samunsa sai a wani siririn yanki na kurmi, daga kudu maso yammacin Kamaru, wajen Nkongsamba da kogin Sanaga, zuwa ɓangaren Ikwatoriyal Gini da yake kan tudu, inda gandun Monte Alén yake. Ko a nan ɗin ma ba kowane ruwa yake shiga ba. Sai kogi mai gudu da ƙarfi, mai tsabta, mai duwatsu da gangara, a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. 'Ya'yansa, a makonninsu na farko, suna dogara da wani tsiro da yake manne wa duwatsu a irin wannan ruwa. A shekarar 2019 masu bincike daga Jamus da Kamaru sun wallafa abin da suka gano a kogin Mpoula: kwaɗon yana gyara wa ƙwansa ɗan tafki a gefen ruwa, har yakan ture dutsen da ya kai kilo 2, sannan ya tsaya gadi da dare. Dabbar da rayuwarta ta rataya a kan waɗannan sharuɗɗa ba ta da wurin gudu. Idan aka sare kurmin, laka ta gangaro ta rufe duwatsun, to zancen ya ƙare a wannan kogi. Ku kwatanta shi da babban kwaɗon fadamunmu, Hoplobatrachus occipitalis, wanda ya bazu daga Sanagal har Habasha, yana hayayyafa a kududdufi da gonar shinkafa. Ana kama shi da yawa, duk da haka ba ya cikin jerin masu fuskantar ƙarewa, alhali ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa Conraua goliath cikin waɗanda suke cikin haɗari. Bambancin yana cikin taswira.

Na san akwai mai cewa, in masana suna sauya suna da dangi bayan 'yan shekaru, yaya za a amince da su? Amsata ita ce sauyin yana zuwa ne da sabuwar hujja. A da ƙashi da fata da yatsu kaɗai ake dubawa, yanzu an ƙara da binciken ƙwayar gado, wanda yake nuna zumuncin da ido ba ya gani. Ku dubi abin da ya faru a Gana. Shekaru ana ɗaukar kwaɗon dajin Atewa a matsayin Conraua derooi, wanda yake zaune a tsaunukan iyakar Togo da Gana. A 2021 aka tabbatar nau'i ne dabam, aka sa masa Conraua sagyimase, da sunan garin da yake kusa da dajin. Ma'anar wannan gyara tana da nauyi: kwaɗon da ake zaton yana da 'yan'uwa a wani wuri ashe ba shi da ko'ina sai ƙoramun Atewa, dajin da aka yi shirin haƙar ma'adinin bokzait a cikinsa. Da an bar shi da tsohon suna, da zai iya ƙarewa ba tare da an rubuta cewa wani abu ya ɓace ba.

Wani kuma zai ce ai mutanen kurmi sun san wannan kwaɗo tun kafin Boulenger, me ya sa sai sunan Bature ne zai tsaya? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma ba daidai ba ne a ce wai Turawa ne suka gano shi. Mafarautan wurin ne suka san kogunansa da lokacin ƙwansa, su ne ma suka fara ba masu bincike labarin tafkunan da yake ginawa. Amfanin sunan kimiyya ɗaya ne: Kamaru tana aiki da Faransanci da Ingilishi, Ikwatoriyal Gini da Sifaniyanci, ga harsunan gida masu yawa, dole a sami suna guda da doka da jami'in kwastan da malamin jami'a za su gane dabba ɗaya da shi. Sunan sagyimase kuma shaida ce cewa tsarin yana karɓar sunayen 'yan ƙasa idan 'yan ƙasar suka shiga aikin.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na mafarauci, wanda naman kwaɗon nan abincin iyalinsa ne ko kuɗin cefanensa. Ba na ganin adalci a ɗora masa laifin duka, tunda masu sare katako da masu faɗaɗa gonaki su ma suna ɓarna. Sai dai farauta takan bi manya, su ne kuwa masu yin ƙwai, don haka mafaraucin ne zai fara shiga uku ranar da kogin ya zama fayau. Sanin takamaiman kogunan da kwaɗon yake hayayyafa shi ne zai ba da damar a keɓe wasu, a kuma tsai da lokacin da za a ɗaga masa ƙafa.

Ɗalibanmu na sashen nazarin halittu, ina roƙonku ku fita ku rubuta kwaɗin Mambila da Obudu da fadamun Haɗeja: sunan da mutanen wurin suke kiran kowanne, da ruwan da kuka same shi, da ranar da kuka gan shi.