A Koyar da Tattalin Arziki da Misalan Gida



Kirana ga malaman jami'a shi ne su riƙa koyar da tattalin arziki da harkar kuɗi da misalan gida. A 2004 Babban Bankin Nijeriya ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. A 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, hatsi ya bi shi. Ɗalibin da ya kasa bayyana dalilan waɗannan, gobe shi ne zai zo ofishinmu ya tsara wa talakawa kasafin kuɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.