Ciwon Karkarwa da Asusunmu na Jin Ƙai

(Jawabin kwamitin jin ƙai a taron cikar shekarar ƙungiya)

 

Ma'aji ta karanto lissafi, an ji riba, fuska ta saki. Mu 'yan kwamitin jin ƙai ba za mu ɓata lokacinmu wajen lissafa buhunan da aka kai gidan suna da gidan rasuwa ba, yana nan rubuce a rahoto. Maganar ciwo muka zo da ita a ranar biki, sai ku yi haƙuri. Ciwon shi ne wanda likitoci ke kira Parkinson, mu kuma mu ce karkarwa ko makyarkyata. A cikin wannan zaure akwai masu jinyarsa a gida. Ba za mu nuna kowa ba, sun san kansu, kuma da yardarsu muke magana.

Sunan na wani likitan Ingila ne, James Parkinson, wanda ya fara bayanin ciwon a rubuce a 1817. Abin da ke faruwa shi ne, can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke samar da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke sa motsin jiki ya tafi sumul. Idan suka fara mutuwa a hankali, sai motsi ya yi nauyi. Hannu ɗaya ya riƙa rawa yayin da mutum ke zaune bai komai, idan ya miƙa zai ɗauki kofi sai rawar ta lafa. Taku ya gajarce, ƙafa tana jan ƙasa. Murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance. Wasu ma ba su karkarwar sam, sai dai nauyin jiki da sandarewa. Ba ya yaɗuwa, a ci kwano ɗaya babu komai. Ba shanyewar ɓarin jiki ba ne, domin ita dare ɗaya take zuwa, shi kuwa sanɗa yake yi shekara da shekaru. Kuma ba ciwon Turawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ke ɗauke da shi. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin ciwon ga 'yan asalin Afirka, kuma akasarin waɗanda aka yi binciken da su 'yan Najeriya ne. Masu noma a cikinmu ku riƙe wannan ma: bincike da dama ya alaƙanta ciwon da yawan mu'amala da wasu magungunan feshi, irin su maganin ciyawa paraquat. A rufe hanci da hannu in za a yi feshi, kuma don Allah a daina zuba ruwan sha a jarkar da ta ƙare.

To, karkarwa kowa na gani. Abin da ya fi cin masu jinya shi ne wanda ba a gani.

Ciwon yana daskarar da fuska. Sai ki shiga gaida surukarki, ki durƙusa, ki yi ta zuba gaisuwa, ita kuwa ta zuba miki ido babu murmushi, amsa can ƙasa-ƙasa. Ki fito kina cewa yau kuma me na yi wa Hajiya? Ba ki yi mata komai ba. Naman fuskar ne ya ƙi motsi, a zuciyarta wataƙila murna take da zuwanki. Gidaje nawa aka yi gaba a kan wannan? Miji ya daina fara'a, uwargida ta ce amarya ce ta juya shi, amarya ta ce uwargida ce.

Bayan fuska, akwai zuciyar kanta. Ciwon damuwa da fargaba suna kama masu Parkinson da yawa, wajen ɗaya cikin uku ko fiye. Kar ku ce ai dole mai ciwo ya damu. E, akwai wannan, amma sinadaran da suka ragu a ƙwaƙwalwa su ne kuma ke riƙe da walwalar mutum, shi ya sa wani damuwar ke fara kama shi shekaru kafin hannu ya fara rawa. Akwai kuma mutuwar sha'awa: matar da ta saba tashi da asuba ta haɗa ƙullun ƙosai, yanzu ta wuni zaune, ba ta son biki, ba ta son rediyo, jikoki ma ba su dame ta ba. Sai a ce lalaci, ko a ce ƙarancin tawakkali. Mu dai a kwamiti ba mu yarda da wannan fassara ba. Mai hawan jini ba a ce masa ya rasa tawakkali, magani ake ba shi, a kuma yi masa addu'a. Damuwa ma tana da magani, tana da masu sauraro da ba da shawara a asibiti. In kuka ji mara lafiya yana yawan cewa ya gaji da duniya, ko ya zame wa mutane kaya, kar a ce masa "haba, daina faɗa" a wuce. A zauna a saurare shi, a gaya wa likita a makon, ba sai ranar komawa ta zo ba.

Wani abin da ke firgita gida shi ne gane-gane. Idan ciwon ya daɗe, ko magani ya yi yawa, mara lafiya kan ga yara a bakin gado, ko mage, ko baƙo a tsaye a lungu, alhali babu kowa. Wani kuma cikin barci ya riƙa ihu yana kai duka. Kun san inda maganar ke zuwa a unguwa: aljanu, sammu, in tsohuwa ce ma wani ya ce mayya. Wallahi wannan kalma ta raba tsofaffi da jikokinsu. Ciwon ne, 'yan'uwa, kuma sau da yawa likita na rage shi da gyara awon magani. In kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a duba zazzaɓi, ciwon fitsari ko taurin bayan gida, don su kan jawo haka.

Mu zo kan magani, domin nan kuɗi ke shiga. Har yau babu mai warkar da ciwon, amma akwai mai sassauta shi ƙwarai, wato levodopa, wanda ake haɗawa da carbidopa, wasu sun san shi da sunan Sinemet. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi. Mutumin da ya kasa ɗaura zani kan koma yana yi da kansa. Sai dai maganin yana da sharuɗɗa. Lokaci yake so: in an ce ƙarfe 7 da 12 da 5, to haka ɗin, ba "in an idar da sallah" ko "in an sauke tukunya" ba. Kuma ba ya shiri da abinci mai gina jiki a lokaci guda. Nama, ƙwai, wake, ƙosai, awara, fura da nono, duk suna iya rage shigarsa jiki. Ba a ce a daina ci ba, a ba da tazara dai, kamar rabin awa kafin abinci ko awa ɗaya bayansa. Maganin ƙarin jini ma a raba lokacinsu. Mai azumi ya tambayi likita da malami tun kafin wata ya kama, addini ya yi wa mara lafiya sauƙi. Abu mafi haɗari shi ne yanke shi kwatsam don kuɗi sun ƙare. Jiki kan sandare, zazzaɓi ya rufe mutum, har ta kai ga kwanciya asibiti.

Ku kula da kemis kuma. Wasu magungunan amai da jiri da aka saba bayarwa, irin su Maxolon da Stemetil, suna tsananta ciwon. Duk inda za a karɓi magani a ce "yana da Parkinson" tun kafin a buɗe leda. Za ku ji ana cewa 'ya'yan ƙarara na magani. Gaskiya ne akwai levodopa a cikinsu, amma ƙarfinsa ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, don haka ba abin da za a daka a gida a auna da cokali ba ne ba tare da sanin likita ba.

Akwai wani rukunin magani, irin su pramipexole, da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu ajiyar kuɗi. Ga wasu mutane yana cire birkin zuciya: saye-saye ba lissafi, caca a waya, kyauta ba kai. Mai tattali da kuka sani shekara talatin sai ta zo ta cire ajiyarta kaf cikin wata biyu. In sakatariya ta ga irin haka ga wadda aka san tana shan maganin, ba gulma ba ce ta yi magana da ita a keɓe. In likita ya sauya magani, yawanci abin na wucewa.

Gyaran gida ba ya cin kuɗi sosai. A ɗauke tabarma mai naɗewa da ledar da ta yage daga hanya, a sa fitila tsakanin ɗaki da banɗaki, a samo kujera mai tsayi maimakon 'yar tsuguno, a kafa ƙarfen riƙewa a masai. In ƙafa ta kafe a bakin ƙofa kar a ja shi, a ƙirga masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko a ce ya tsallaka layi a ƙasa. Tafiya kullum da motsa jiki magani ne na gaske, masu gashin ƙashi a asibiti za su koya muku. Kuma a bar ta ta tsince shinkafarta, ta gyara zogalenta, ko da za ta daɗe. Suya a kan mai mai zafi da jan ruwa a rijiya ne za a karɓe mata.

Yanzu ga inda muka dosa. Muhammad Ali, ɗan damben nan, an gano ciwonsa a 1984, bai rasu ba sai 2016. Shekara 32 ke nan. Ba kowa ke kaiwa haka ba, amma ciwo ne na shekaru. Asusunmu na jin ƙai kuwa an gina shi ne don abin da ke zuwa sau ɗaya: haihuwa, aure, gobara, tiyata, rasuwa. A tara a kai, a yi addu'a, a dawo. Mai Parkinson kowane wata sai an sayi magani, maganin daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, wani lokaci a zaga kemis uku ba a samu ba. Likitocin jijiya da ƙwaƙwalwa kaɗan ne, sai a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ko na koyarwa a Sakkwato, ga kuɗin mota ga na mai rakiya. Ita kuma mai jinya, wadda kusan kullum mace ce, mata ko 'ya ko matar ɗa, sana'arta ke fara mutuwa. Ta daina fita kasuwa, zubin adashe ya gagara, bashin ƙungiya ya taru, kunya ta hana ta zuwa taro. Sai mu rubuta "ba ta biya ba". Ita ma damuwar na kama ta, ba mai tambaya.

Amma jinkirin ciwon yana ba da abin da haɗarin mota ba ya bayarwa, wato lokacin yin magana. A shekarun baya-baya murya kan shige, haɗiya ta yi wuya, wasu mantuwa ta kama su. Kafin nan mutum na da hankalinsa sarai, ya kamata a tambaye shi. Mun san al'adarmu, da an taɓo irin wannan sai a ce ana yi wa mutum fatan mutuwa. To wa ya fi cancanta ya faɗi gidan da za ta zauna in ta kasa, ita ko 'ya'yan da za su yi ta jayayya a tsakar gida tana ji ba ta iya amsawa? Ta faɗi wanda ta yarda ya yi magana da likita a madadinta. Ta faɗi wadda ta yarda ta yi mata wanka, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace mai kunya. Ta faɗi wanda zai riƙe katin banki da lambar sirri, a kuma je banki da wuri, tun da sa hannu na sauyawa da karkarwa, a ji yadda za a koma dangwale. Bashin da take bi da wanda ake bin ta a rubuta da shaidu. Mai son yin wasiyya ta yi tun yanzu a gaban malami ko lauya. Ga Musulmi ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya. Kuma ku sani, sunan da kika rubuta a fom a matsayin na kusa da ke ba shi ke nufin shi zai ci gado ba, wanda za a nema ne kawai.

Saboda haka kwamiti na kawo shawara gaban babban taro na wata mai zuwa. Muna so a ware wani kaso na ribar bana don ciwo mai daɗewa, ba Parkinson kaɗai ba, har da shanyewar ɓarin jiki da ciwon mantuwa, a riƙa biyan kuɗin kai tsaye ga kemis kowane wata maimakon a ba da dunƙule. Muna so wadda jinya ta zaunar a ɗage mata biyan bashi ba tare da tara ba. Wasu a kwamitin kuɗi sun ce in aka buɗe wannan ƙofa asusun ba zai ɗauka ba, kuma maganarsu abin dubawa ce, shi ya sa muka ce a sa iyaka, a kuma nemi takardar asibiti. Nawa ne kason, ku za ku yanke. Abin da ba ya buƙatar ƙuri'a shi ne karɓa-karɓa: mata biyu su je su zauna da mara lafiya yammacin Juma'a ko Lahadi, mai jinya ta samu ta yi kitso, ta je gidansu, ko ta yi barci kawai.

Takardar rubuta suna tana teburin sakatariya a bakin ƙofa, tare da sabon fom na naɗa wakiliya a kan ajiyarki. Wadda ba ta iya cikewa ta tsaya bayan an ci abinci, 'yan matanmu za su taya ta.