Jawabin malamin lakkol wurin taron ƙungiya: kilishin gida

Iyayenmu dattawa, da ku ƴan'uwa ƴan ci-rani. Maganarmu ta yau bisa kilishin da muke yi gida muna aika muku.

Naman cinyar sa muke nema, marar kitse, don kitse shi ke sa ya yi ɗoyi bisa hanya. A shantale shi da wuƙa mai kaifi har ya yi kamar takarda, a shanya bisa karan dawa. In ya bushe, a tsoma shi cikin labu: tunkuza, tonka, citta, kanumfari, albasa da gishiri. A sake shanyawa.

To, nan ne muke roƙonku ku saurara. Har zuwa wannan lokaci ɗanyen nama ne. Rana da tonka ba su isa su kashe ƴaƴan tsila ba, waɗannan fararen ƙwayoyi kamar shinkafa da likitan dabbobi ke dubawa mahauta. Wuta ke kashe su. Mahautan Madawa da Tasawa ba su saida kilishi sai ya hau garwashi, amma mu cikin gida yara na tsinkar shi tun yana bisa kara. Ku hana su, a gasa shi ciki da baya, ya huce, kana a naɗe.