Sani da Hikima a Aikin Ofis: Darasi daga Dutse



Ran 27 ga Agusta, 1991, aka yanki Jihar Jigawa daga Jihar Kano, Dutse ta zama hedkwata. Ma'aikata suka taso daga Kano da fayil-fayil nasu. To, amma takarda ba ta ɗauke da kome da kome. Dalilin wani hukunci, ko tarihin iyakar wata gona, yana cikin kan tsohon akawu ko dagaci. In ya tafi bai koyar ba, sanin ya bi shi.

Ashe ke nan sani amana ne, kuma ta hanya biyu ake cin ta. Akawun da ya danne fayil ɗin fanshon wani tsoho don a zo a durƙusa masa, ya ci amana. Haka wanda ya baza asirin ofis a kasuwar Shuwarin.

Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta ce a rufe, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ce a buɗe. Hikima ce ke nuna wa ma'aikaci inda shiru yake kare mutuncin wani, da inda ya zama zalunci.